Jarrabawar da Inna ta Faɗi

Inna tana kan keke, tabarau a kan hanci, tana ɗinka rigunan makaranta na 'ya'yan maƙwabta, sai ga Auta ya shigo da takardu a hammata. Shi ne ɗanta na ƙarshe, yana digiri na biyu a jami'a a fannin ilimin halayyar ɗan Adam, kuma tun da ya fara wannan karatu ba wanda ya isa ya yi ko hamma a gidan ba a fassara masa ita ba. In ka yi shiru, damuwa kake dannewa. In ka cika surutu, damuwa kake gudu. 'Yan gida suka laƙaba masa Dakta don tsokana, shi kuwa ya karɓe da hannu biyu.

"Inna, taimako na zo nema. Bincikena a kan ƙwaƙwalwar tsofaffi ne, kuma mutanen da na samu ba su isa ba."

"To je ka nemo tsofaffin, gidan nan dai babu," ta ce, ba ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba.

Ya yi dariya, ya janyo bencin da masu kawo ɗinki ke zama a kai. Ya ce 'yan tambayoyi ne kawai, kafin ta gama hannun riga ɗaya sun ƙare. Ya jero mata kalmomi biyar, ya ce ta riƙe su, an jima zai tambaya. Ta maimaita tana murmushi, yadda ake biye wa yaro in ya ce shi ne direba. Ya tambaye ta yau nawa ga wata, wace shekara ake ciki. Inna ta san Talata ce, don ranar ce mai kawo mata yadi ke zuwa, amma lambar shekara ba abin da ta taɓa yi mata a duniya. Sai ya miƙa mata biro ya ce ta zana agogo, ta jera lambobinsa, ta nuna sha ɗaya da minti goma. Wannan fa mace ce da ba ta taɓa zama a aji ba. Ta zana da'ira tsaf, ta yi 'yan ƙugiyoyi a ciki, ta mayar masa da bironsa.

Ana cikin haka zare ya tsinke, wata mata ta leƙo karɓar ɗinkinta, aka tsaya gaisuwa da tambayar mutanen gida. Da Auta ya waiwayi kalmominsa, biyu kaɗai suka rage mata.

"Sauran ukun ai suna nan a takardarka. Me za ka yi da nawa kuma?"

Auta bai yi dariya ba. Ya yi ɗan rubutu, ya daɗe yana kallonta, irin kallon da ake yi wa bango in ya fara tsagewa, sannan ya tattara takardunsa ya fita.

Da yamma Babba ya dawo daga aiki. Shi ne ɗanta na fari, shi ke riƙe da gidan tare da matarsa. Inna tana ninke kaya ta jiyo su a falo, murya ƙasa-ƙasa.

"Alamomin farko ne na ciwon mantuwa, Yaya. Makin da ta ci ya yi ƙasa sosai."

"Innalillahi! To mu kai ta asibiti mana."

"Abin da na yi mata shi za su yi. Kuma ciwon ba ya warkewa, sai dai kulawa. A sa mata ido kawai."

Babba mutum ne mai tsoron takarda. In aka ce masa abu yana cikin littafi, ko da idonsa ya ga akasin haka, idon zai tuhuma. Da wannan magana aka rufe zancen asibiti, ba a sake tayar da shi ba.

Inna ta ɗaga labule ta ce, "Wai ni ake yi wa ta'aziyya ina tsaye da ƙafata?" Matar Babba ta taso ta kama hannunta a hankali ta zaunar da ita a kujera, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

Aka sa mata ido kuwa.

A gidan nan kowa mantuwa yake yi. Babba ya sha birkita falo yana neman makullin babur alhali yana aljihunsa. Matarsa ta sha ƙona girki tana kan waya. Duk wannan sunansa gajiya. Amma ranar da Inna ta ɗora butar shayi ta je amsa sallama har ruwan ya ƙone, sai aka yi cirko-cirko a kicin kamar an ga maciji. Daga ranar aka hana ta kunna gas.

"Ba don komai ba ne, Inna," in ji surukar. "In wani abu ya same ki, ni ce a gida, ni za a tuhuma."

Ita ce kuma ta fara tare masu kawo ɗinki a bakin ƙofa tana raɗa musu su yi haƙuri in sun ga kuskure, Inna ba ta da lafiya. Matan da suka yi shekara da shekaru suna ajiye yadi su juya, don Inna ta san jikinsu fiye da madubinsu, yanzu sai su tsaya suna maimaita mata tsawo da faɗi. Wasu suka dawo suka karɓi yadinsu ba a yanka ba, wai an fasa tafiyar da za a sa kayan. Inna ta gane sarai. Ta ninke ta miƙa musu, ta ce a gaida yara.

Sai Mai Sabulu ta zo dubiya. Ƙawarta ce tun suna amare, kuma su biyun ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokanar juna ba. Yau kuwa ta matso har gwiwarsu na haɗuwa, ta ɗaga murya tana jan kalmomi.

"Tela! Kin gane ni?"

Inna ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa ta ce, "A'a. Wace tsohuwa ce wannan marar haƙora?"

Da a da ne, da Mai Sabulu ta rama har da ƙari. Sai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Inna ta yi ta jijjiga ta tana cewa, "Ke, wasa nake yi! Wallahi wasa nake yi!" Ba wanda ya ji wannan ɓangaren. Kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa Inna Tela ta daina gane mutane. Tun daga ranar ta daina wasa da kowa, kuma wanda ya san ta ya san ba ƙaramin abu aka cire mata ba.

Wata safiya zaren da take buƙata ya ƙare. Ta yafa mayafi ta tafi kasuwa kamar yadda ta saba. Ta tarar shagon a rufe, ta ƙara gaba zuwa wani, ta samu, ta zauna a rumfar jiran mota tana hutar da ƙafa. Ashe a gida surukar ta riga ta kira Babba a wurin aiki tana kuka. Ya iso a kan babur kamar zai tashi sama, ya kama ta a gaban jama'a.

"Inna! Ina za ki? Kin san inda kike?"

"Gida zan koma. Ga zarena na saya."

Ko kallon zaren bai yi ba. Mutane suka taru suna yi masa sannu, wani dattijo har da sa masa albarka. Washegari aka sayo kwaɗo aka sa wa ƙofar gida, makulli ɗaya a wurin Babba, ɗaya a wurin matarsa.

A nan ne haƙurin Inna ya ƙare. Ta tsaya tana dukan ƙofa da tafin hannu, tana cewa ita ta haife su, da wannan keken ta yi musu sutura, ba wanda ya isa ya kulle ta kamar akuya. Babba ya rasa inda zai sa kansa. Auta ya dafa shi ya ce, "Saurin fushi yana cikin alamomin, Yaya. Kada ka biye mata." Da ta ga faɗa bai yi ba, sai ta koma ɗaki ta kama bakinta. Wannan ma ashe yana da suna, janyewa daga mutane. Duk hanyar da ta bi, littafin Auta ya riga ta isa can ya zauna yana jiranta.

Ta yi tunani iya tunani, ta ga mafita ɗaya ce. Jarrabawa ta faɗi, to sai ta sake ta ci. Kullum da safe sai ta tambayi surukarta nawa ga wata, ta yi ta nanatawa a ranta. In an watse sai ta zauna a gaban agogon bango na falo da allin ɗinki da ƙyallen yadi, tana kwaikwayon lambobi ɗaya bayan ɗaya, harshe a tsakanin haƙora. Ta wahala da takwas, ta sha juya shida ta koma tara, amma ta iya. Ranar da ta tabbatar ta shirya, ta tare Auta zai fita.

"Ɗauko takardarka ka sake yi mini. Yanzu na shirya."

"Ba a maimaitawa haka, Inna. Kin riga kin san tambayoyin, sakamakon ba zai yi amfani ba."

Da ya juya, sai ta ji surukar tana ba shi rahoto a tsakar gida. Wai kullum sai Inna ta tambayi kwanan wata, kullum, ga kuma tarin ƙyallaye a ƙarƙashin katifa duk zanen abu ɗaya. Auta ya girgiza kai ya ce ciwon yana sauri fiye da yadda ya zata.

Aka ɗauke almakashi don kada ta yanke. Aka kwashe allurai don kada ta manta da ɗaya a shimfiɗa. Da babu almakashi babu allura, sai aka ga keken ya tare wuri, aka kai shi sito aka rufe da tsohon zani. Ɗakin ɗinkin kuma bai kwana biyu a wofi ba, aka shigo da babban firjin da surukar ta daɗe tana son sayar da ruwan sanyi da shi ba ta da wurin ajiyewa.

Ba wanda ya zauna ya ƙulla wa Inna sharri. Kowa dai ya wayi gari ya tarar ciwonta ya zauna masa daidai. Surukar ta samu ɗaki da kicin ita kaɗai. Babba ya zama abin misali a masallaci, ɗan da ke riƙe da uwa marar lafiya. Auta kuwa maƙwabta sun fara kawo masa iyayensu ya duba, Dakta ɗin da aka fara da tsokana ya koma na gaske a bakin mutane. In ka tambayi kowannensu, zai rantse maka don ita yake yi, kuma abin takaicin shi ne ba ƙarya yake ji yana yi ba.

Inna ta zama mai zaman ɗaki. Mai yadi ya daina zuwa, Talata ta zama kamar Laraba, har ta kai in an tambaye ta ranar sai ta tsaya lalube da gaske. Ƙafafun da suka saba taka keke suka fara kumbura. Abinci ya daina yi mata daɗi. Sai ta tsinci hannunta yana shafa bakin zaninta yana neman inda ɗinki ya karkace, ta yi sauri ta janye kafin wani ya gani ya kai rahoto.

Wata rana da la'asar Auta ya dawo daga jami'a da wuri. Babba yana wurin aiki, matarsa ta fita ta kulle gida, shi da aron makulli ya shigo. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Inna, yau na nuna wa malamin da ke duba aikina takardarki. Da ya ga agogon sai ya tambaye ni ko mai zanen ta yi makaranta. Na ce a'a. Ya ce wannan gwajin ba a auna wanda bai yi boko ba da shi haka kawai, ko lafiyarsa ƙalau zai iya faɗi. Da ya ji ma mahaifiyata ce, kamar ya dake ni. Ya ce in cire ki daga binciken gaba ɗaya."

Inna ta sunkuyo ta kalle shi da kyau.

"Ke nan lafiyata ƙalau?"

"Ban ga abin da ya nuna ba ki da ita ba."

Ba ta zage shi ba. Wallahi ko harararsa ba ta yi ba. Murna ta hana ta fushi. Ta dafa kansa ta ce, "Alhamdulillahi. Kowa yana kuskure. In yayanka ya dawo sai ka faɗa masa."

A nan Auta ya ƙara yin ƙasa da kai. "Inna, ki ɗan ba ni lokaci. Saura kaɗan in kare kundina. In maganar nan ta fita yanzu, da wane ido zan kalli Yaya? Ga mutanen unguwa da suka kawo mini iyayensu. Bari in gama, da bakina zan tara kowa in faɗa."

Uwa ce. Ta ce to.

Ta ci gaba da zama a kulle, amma yanzu da abin da take riƙe da shi. In surukar ta ja mata magana kamar tana yi da yaro, sai ta yi murmushi a ranta. Har abinci ta koma ci. Ranar da Auta ya kare kundinsa aka ce ya yi nasara, ta fi kowa murna, don a ganinta su biyu aka sallama. Aka cika falo da baƙi, ita aka bar ta a ɗaki kada hayaniya ta rikita ta. Ta zauna a bakin gado da mayafinta a kafaɗa tana jiran a kira ta. Baƙi suka watse. Washegari Auta ya fita da sassafe. Jibi ma haka. In sun haɗu a tsakar gida sai ya gaishe ta da sauri, waya a kunne.

Ranar hutun ƙarshen mako ta ji ana jan abu mai nauyi daga sito. Ta san ƙarar ƙafafun kekenta a kan siminti. Ta fito ta tarar da Babba da wani tela baƙo suna duba shi, surukar tana kakkaɓe ƙura, Auta yana tsaye a gefe.

"Tsatsa yake yi a banza, Inna," in ji Babba. "Gara a ba wanda zai more shi."

"Ba inda za a kai shi," ta ce. "Lafiyata ƙalau. Auta ya faɗa mini da bakinsa. Malaminsa ya ce jarrabawar ba ta irina ba ce. Ga shi nan, tambaye shi."

Kowa ya juya ya kalli Auta. Telan ya janye hannunsa daga kan keken. Inna ta zuba wa ɗanta ido, ba da fushi ba, da irin kallon da take yi masa yana ƙarami in ya tsaya a bakin ƙofa yana jin kunyar baƙi. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa.

Bai kalle ta ba, yayansa ya kalla, ya sassauta murya.

"Dama na san za a zo nan, Yaya. In ciwon ya yi nisa, sukan cike gurbin abin da suka manta da abin da ransu ke so. Ba ƙarya take yi ba. Ita a wurinta ya faru."

Surukar ta ce, "Allah sarki, Inna." Babba ya share ido da bayan hannu. Aka kama ta aka mayar ɗaki a hankali, da ladabi, ba wanda ya ɗaga mata murya. Tana ji aka ɗora keken a mota.

Ƙwace mata keke zalunci ne, kulle ta ma zalunci ne, amma duk ba su kai abin da ya biyo baya ba. Inna ta zauna ta shiga neman wannan la'asar ɗin a cikin kanta don ta riƙe ta da kyau. A ina ya zauna? A ƙasa. Ko a bakin gado ne? Wace riga ce a jikinsa, fara ko shuɗiya? Wace rana ce? Ba ta sani ba. Ba wanda ya gan su, ba wanda ya ji. Ta sha kwanciya da rana tana fatan ya shigo ya faɗi wannan maganar, to ina shaidar cewa ba ɗaya daga cikin fatan nan ba ne ya zauna mata kamar gaske? Gida guda sun ce ba ta da lafiya. Unguwa ta ce haka. Ɗan da ta haifa, wanda ya yi karatun abin har aka ba shi shaida, ya ce haka a gaban baƙo. Kuma ita dai ta san ba ta haifi ɗan da zai kalli uwarsa a wannan hali ya yi mata ƙarya ba. Tsakanin ta yarda ɗanta ya yi mata haka da ta yarda ƙwaƙwalwarta ta lalace, na biyun ya fi mata sauƙin ɗauka.

Da safe Auta ya shigo da kofin shayi. Ya ajiye a gabanta zai juya da sauri, ta riƙo gefen rigarsa.

"Auta."

Ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ka yafe mini, ɗan nan. Jiya na laƙa maka maganar da ba ka yi ba, a gaban yayanka da baƙo. Ban san ina yi ba."

Ƙofar a buɗe take, Babba yana tsakar gida yana wanke babur, kira ɗaya zai ji. Auta ya zare rigarsa daga hannunta a hankali.

"Ba komai, Inna," ya ce. "Na yafe miki."